Ƙaramar amfilifaya mai aisi ɗaya da manyan nan masu tsada: kunne yana jin bambanci kuwa?

Telan Gwale

Assalamu alaikum. Masana kayan sauti, ina neman shawara kafin in saki kuɗina.

Ni tela ne, a shago nake wuni, shi ya sa ba na wasa da abin saurare. Abin da nake amfani da shi yanzu wani ɗan fanel ne na amfilifaya da bai fi tafin hannu ba, an rubuta TPA3116D2 a jikinsa. Cikin robar abinci na ajiye shi, na huda mata ramuka don ya sha iska. Cajar laftof mai bolt 19 ce ke ba shi wuta. Sifikokina biyu na gwanjo ne, irin ƙananan nan na katako da ake ɗorawa a kan kanta, kuma daga waya nake turo sautin. Da safe karatun Alƙur'ani, da rana labarai, in la'asar ta yi sai tsofaffin waƙoƙin kalangu da kukuma. Kuɗin fanel ɗin duka bai kai ladan ɗinkin babbar riga ɗaya mai aiki ba, kuma har yau bai ba ni matsala ba.

To, kwanan baya na kai wa wani Alhaji ɗinki gida. Ya shigar da ni falo, sai ga wata amfilifaya McIntosh mai allurai biyu cikin shuɗin haske, wadda mutum ɗaya ba zai ɗaga ba, ga sifikoki biyu tsayinsu ya kai ƙirjina. Da ya ga ina kallo sai ya sa mini waƙa, aka yi dace irin wadda nake ji kullum ce. Wallahi ina jin lokacin da makaɗin ya matse kalangu a hammata sautin ya hau, ina jin lokacin da ya sassauta ya sauka, har numfashin 'yan amshi ana ji. A shagona wannan wurin "tam-tam" kawai nake ji.

Ni dai na san ba ni da kuɗin McIntosh. Amma wani mai kayan gwanjo a Sabon Gari ya nuna mini tsohuwar Sansui baƙa, mai nauyi, ya ce daga Japan ta zo kai tsaye. Kuɗin da ya sa mata ya ninka na fanel ɗina fiye da sau goma, kuma ya ce ƙananan nan wasan yara ne. Ƙanena da ke karatun lantarki shi kuma ya ce asarar kuɗi ce, wai duk amfilifaya sautinsu ɗaya, an gwada a Amurka an gani.

Wa zan bi? In na sayi Sansui ɗin nan, zan matsa kusa da abin da na ji a gidan Alhaji, ko nauyi kawai zan sayo?

Mai Dalma

Wa alaikumus salam. Malam tela, riƙe kuɗinka tukuna.

Fara da sanin abin da ke hannunka, don rubutun da ke jikin kwalin fanel ɗin nan ba abin yarda ba ne. Za ka ga 2×50W, wasu ma su rubuta 2×100W. Aisin, wato ɗan baƙin guntun lantarkin (IC) da ke yin aikin ƙara sauti a fanel ɗin, na kamfanin Texas Instruments ne, kuma takardar bayaninsa ta ce wat 50 kowane ɓangare, hagu da dama, amma da sharaɗi: wuta bolt 21, sifika mai om 4 (om, Ω, shi ne ma'aunin yadda sifika ke tirje wa wuta), sannan a wannan matakin gurɓatar sautin ta kai kashi 10 cikin ɗari. Wato ya riga ya fara tsagewa. Kai kuma bolt 19 kake ba shi. Amfilifaya ba ta ƙirƙirar wuta, wadda aka ba ta ita take yankawa tana miƙa wa sifika. Da bolt 19, in sifikarka om 8 ce, tsabtataccen abin da za ka samu bai wuce wat 20 ba. In om 4 ce, wajen 40, shi ma in cajar ta iya ɗauka. Juya ta ka duba, yawancinsu 3.42A ne, wat 65 ke nan gaba ɗaya, a raba wa ɓangare biyu.

Kada ka raina wat 20 fa. Saurare na hankali a ɗaki bai cika cin fiye da wat ɗaya ko biyu ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen bugu. Idan makaɗi ya doki fata, sautin yakan yi tsalle na ƙiftawar ido sama da matsakaicinsa, desibel (dB, ma'aunin ƙarfin sauti) 10 zuwa 15 in ɗaukar sautin mai kyau ce. Kowane desibel 10 kuwa ninki goma ne na wuta. Ka ce kana kan wat 2 saboda ƙarar keke da janaretan maƙwabta, bugu mai desibel 15 yana neman sama da wat 60. Fanel ɗinka ba shi da su, sai ya aske kan bugun ya ba ka ragowar. Wani ɓangare na "tam-tam" ɗinka daga nan yake.

Abu na biyu, kwance ɗan ƙarfen alminiyon da ke kan aisin ka leƙa. Na gasken ƙafa 32 gare shi, kuma bayansa mai ƙarfe sama yake kallo don ya manne da alminiyon. Na sha buɗe fanel da aka rubuta 3116 a jikinsa, in tarar da wani aisi daban a ƙasa an kankare lambarsa. Jabu ya yi yawa a harkar nan, har TDA7294 da transisto 2SC5200 ba su tsira ba.

Yanzu Sansui. Kafin ka ji sautinta, juya bayanta ka karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wuta. Wutar gida a Japan bolt 100 ce, tamu 230. Wadda aka yi don kasuwar cikin Japan, in aka soka ta a bango kai tsaye, in an yi sa'a fiyus ne zai tafi, in ba a yi ba taransifoma. Sai ka haɗa da taransifomar rage wuta, kuma yawancin waɗanda ke kasuwa 110 suke bayarwa, wato sun ɗara abin da take so da kashi goma. Waɗanda aka yi don fitarwa waje sukan zo da maɓallin zaɓen bolt a baya. Sannan abin da ya shekara arba'in, kafasitocinsa, 'yan gwangwanayen nan masu ajiye wuta, sun fara bushewa, maɓallin murya ya sha ƙura yana ƙarƙar. Ka je da mita, a kunna ta ba tare da waƙa ba, ka auna DC, wato tsayayyiyar wuta irin ta batiri, a bakin inda ake ɗaura sifika. In ya wuce milibolt 50 sosai, tana buƙatar aiki. In ka ga bolt guda ko fiye, kada ka bari a haɗa ta da sifikarka ko na daƙiƙa ɗaya.

Shi kuma mai cewa aisi wasan yara ne, ya buɗe kayan da ke shagonsa. Da yawa daga cikin manyan nan na shekarun 1980, baƙin aisi STK na kamfanin Sanyo ne a cikinsu, dunƙule guda an ɗaure a jikin alminiyon. An daina yin su, kuma samun na asali yanzu sai an sha wuya.

Baba Na Tudun Wada

Ɗana tela, ƙanenka bai yi ƙarya ba, sai dai ya gutsure labarin. A ɗakin injuna na gidan rediyo na yi aiki har na yi ritaya, kuma wannan gardama ta girme shi.

A shekarar 1999 wani mutumin Japan, Junji Kimura, mai kamfanin 47 Laboratory, ya fitar da amfilifaya mai suna Gaincard. A lokacin dala 3,300 ake sayar da ita tare da abin ba ta wuta, wat 25 kacal kowane ɓangare, kuma masu rubutu a mujallun sauti suka yi ta yaba ta. Da aka buɗe cikinta sai ga aisi LM3875 na National Semiconductor, wanda kowa zai iya saya da 'yan daloli, da wasu 'yan kayan da ba su wuce tara ba a kowane ɓangare. Masu haɗe-haɗe a gida suka dinga kwaikwayonta da kuɗi kaɗan, har abin ya sami suna Gainclone. Jeff Rowland ma, wanda kayansa sai masu hannu da shuni, ya jera aisi LM3886 da yawa a cikin wasu amfilifayoyinsa. Saboda haka a daina raba su gida biyu, wai masu aisi da na manya. Akwai aisi a cikin na manyan.

Gwajin da ƙanenka yake nufi, ina zaton na mujallar Stereo Review ne na 1987, wanda David Clark ya shirya. An tara amfilifayoyi, daga Pioneer ta wajen dala 220 har zuwa Futterman mai bawul (kwalaben lantarki irin na tsofaffin rediyo) ta dala 12,000. Masu sauraro ba sa ganin wadda ke aiki, an daidaita ƙarfin muryarsu daidai wa daida, kuma ba a bari ko ɗaya ta wuce iyakarta ba. Amsoshin da aka samu ba su fi na canki-canka ba. Ka lura da sharuɗɗan nan uku, don su ne dukan maganar. Musamman na daidaita murya: in ɗaya ta ɗara ɗaya da desibel guda, kunne ba zai ce maka ta fi ƙara ba, cewa zai yi ta fi daɗi, ta fi cika. Masu sayarwa sun san wannan tun ba yau ba, ka duba hannun mai gwanjon nan a kan maɓalli lokacin da yake gwada maka.

Abin da ka ji a gidan Alhaji kuwa, ni ban ba amfilifayar kaso mai yawa a ciki ba. Sifikoki ka ji, da ɗaki. Sifika mai tsayin ƙirji tana da babban akwati da faffaɗan mazugi, tana tura iska ba tare da wahala ba, ƙaramar ta kanta kuwa tun kafin amfilifaya ta gaji ita ta gaji. Falonsa akwai kafet da labule da kujerun kushin masu shanye amsa-kuwwa. Shagonka siminti ne da ƙofar ƙarfe, watakila da rufin kwano, sauti yana dukan bango yana dawowa yana cakuɗewa da wanda ke fitowa. Kuma me ya sa maka? In faifan CD ne ko na garmaho, kai kuma wadda aka yi ta turawa a WhatsApp har ta tsufa kake ji, to tun daga tushe ba waƙa ɗaya kuke saurare ba. Numfashin 'yan amshin nan mai yiwuwa ba ya cikin fayil ɗinka sam, kuma babu amfilifayar da za ta dawo da shi.

In kuna da fahimta da Alhaji, roƙe shi wata rana ka je da 'yar robarka ku haɗa ta da manyan sifikokinsa. Ku sa sauti ɗaya tsayayye, kamar na 400Hz, ku auna AC da mita a bakin sifika, ku daidaita biyun har lambobin su zo ɗaya. Sannan wani yaro ya dinga sauyawa ku kuna ba shi baya.

Baban Hanan

Baba, Allah ya ƙara girma, amma a bar ni in ja kaɗan.

Akwai wani labarin da ake kawowa tare da wanda kuka kawo. A 1985 Bob Carver ya ƙalubalanci mujallar Stereophile, ya ce su zaɓi duk amfilifayar da suka ga dama, shi kuma zai sa tasa mai araha ta yi sauti iri ɗaya da ita. Ya je Santa Fe, ya yi aikin, editocin suka kasa bambancewa, suka amsa haka a rubuce. Masu cewa duk ɗaya ne suna son wannan labari. Amma me ya je yi? Zama ya yi da kayan awo yana sauya cikin tasa har ta kwaikwayi halin waccan a kan sifika. Da tun farko ɗaya suke, da ba sai ya taɓa komai ba.

Kuma fanel irin na malam tela yana da wani hali da ake iya aunawa, ba zancen camfi ba. Irin wanda ake kira aji D ne, wato yana kunna wuta yana kashewa sau dubu ɗari huɗu ko fiye a daƙiƙa, sai a tace wannan da naɗin waya da kafasita kafin ya isa sifika. A irin waɗannan masu araha, aisin yana duba aikinsa ne kafin matatar, bai san abin da ya faru bayanta ba. Matatar kuma an lissafa ta ne don om guda, ko 4 ko 8. Sifika ba ta tsayawa kan om ɗin da aka rubuta mata, tana hawa tana sauka gwargwadon sautin. Sakamakon shi ne siririn sautin sama yakan ƙaru a wata sifika ya ragu a wata. Na haɗa irin wannan fanel da sifikokina masu om 8, muryar mai karatu ta yi kaifi a kan sin da shin har ta dame ni. Babbar tawa mai aji AB, tsohon salon da ba ya wannan kunna-kashe, ba ta yin haka. Ga kuma "shhh" da ake ji in an kasa kunne kusa da tuwita, ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, saboda masu haɗa fanel ɗin sukan saita shi a kan desibel 32 ko 36 don ya yi ƙara a kasuwa, alhali aisin yana da matakin 20 da 26 da suka fi shiru. Ga "fum" lokacin kunnawa.

Ba aji D nake zagi ba. Bruno Putzeys, ɗan Beljiyam, ya nuna ana iya yin sa ya kai ko'ina, da fanel ɗin Ncore na kamfanin Hypex sannan da na kamfanin Purifi, wanda kamfanin NAD suka sa a amfilifayarsu M33. Ko a masu araha, sababbin akwatuna masu aisi TPA3255 sun fara zuwa da dubawa bayan matata, kuma wannan matsalar ta ragu ƙwarai. Amma waɗannan ba su ne na cikin roba ba.

Abin da kuɗi ke saya a babbar amfilifaya: wutar ajiya da ba ta durƙushewa in bes, wato kakkauran sautin ƙasa, ya sauko, iya riƙe sifika mai wahala wadda ke faɗuwa om 3 ko ƙasa, rile, wato makunni mai aiki da kansa, da ke cire sifika in wani abu ya lalace a ciki, da kayan da za a iya gyarawa bayan shekara talatin. McIntosh tun 1949 suke wannan sana'a, kuma har yau ana gyara tsofaffin nasu. Na yarda wani kaso na kuɗin na suna ne da gilashi da shuɗin haske. Ba duka ba dai.

Ɗan Damagaram

Ni abin da ban ji kowa ya taɓa ba shi ne wuta da zafi. A nan wurinmu da pano na hasken rana da batiri muke wuni in babu kuran, wato wutar gari. Ƙaramar nan tana miƙa wa sifika kusan kashi 90 na wutar da ta ci, a watan Afrilu ma da kyar take ɗumi. Tsohuwar babba kuwa ko ba ta cewa komai tana shan wuta, sai an bi da ita ta inbata, mai mayar da wutar batiri irin ta bango, kuma in inbatar ba mai tsabtar wuta ba ce za ka ji taransifomarta tana gurnani. Masu aji A ba a ma maganarsu, murhu ne a ɗaki.

Gargaɗi ɗaya ga mai son haɗa fanel ɗin da batiri kai tsaye. Da guda ɗaya mai bolt 12 zai yi aiki lafiya, sai dai wat 10 ne ko ƙasa a sifika mai om 8. In batiri biyu ne a jere, kada a ce ai 24 ne. Lokacin da rana ta take suna caji sukan haura 28, shi kuwa aisin iyakar da aka ba shi 26 ce. Wani maƙwabcina haka ya ƙona nasa da tsakar rana.

Telan Gwale

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma na duba. Bayan Sansui ɗin 100V aka rubuta, babu maɓallin zaɓe, kuma mai ita bai yarda a kwance murfin ba. Cajata 3.42A ce kamar yadda Oga Mai Dalma ya faɗa. Na ƙirga ƙafafun aisin, 16 kowane gefe. A bayan sifikar an rubuta 6Ω da 86dB. Baba, gaskiya ne, waƙoƙin duk daga wayar wani na tura su. Maganar kai robata gidan Alhaji kuwa, ina jin nauyi, amma zan gwada sa'a in na kai masa sauran ɗinkin.

Oga, in na sauya cajar zuwa mai bolt 24 zan ga canji?

Mai Dalma

Za ka gani, amma ba mai yawa ba. A om 6, daga wajen wat 27 za ka hau wajen 40, desibel 2 ke nan, ɗan sarari ne dai ga bugun kalangu kafin ya aske. Nemi mai 24V da aƙalla 5A. Kafin ka saya, karanta jikin manyan kafasitocin fanel ɗin. In 35V aka rubuta, bismilla. In 25V ne, sun yi kusa da iyaka, ko a sauya su ko ka zauna kan 19 ɗinka.

86dB ɗin nan, wato ƙarar da sifikar ke bayarwa da wat ɗaya, ita ce ta fi ci maka wuta. Sifika mai 90dB za ta ba ka desibel 4 kyauta, daidai da ka ninka wat ɗinka sau biyu da rabi ba ka taɓa fanel ba. In ni ne, kuɗin Sansui da na taransifomar rage wuta da na gyaran da za ta nema, sifika zan kai su, mai mazugin inci 8, in je da fanel ɗina da wayata a gwada mini a wurin. Ka matsa gefen mazugin a hankali da yatsu ka ji ko yana gogar wani abu, ka duba soson da ke zagaye da shi bai ruɓe ba. Wanda ya hana a buɗe murfi kuwa, a bar masa kayansa.

In za ku yi gwajin da Baba ya ce, ka kiyaye abu ɗaya. A fanel ɗinka baƙar wayar sifika ba ƙasa ba ce, wato ba wayar da babu wuta a kanta ba ce, ita ma wuta take ɗauke da ita kamar jar. Kada baƙar hagu ta haɗu da baƙar dama, kada kuma ta taɓa jikin amfilifayar Alhaji. A kashe duka biyun, a cire wayoyi huɗun gaba ɗaya, sannan a mayar da su ɗaya wurin.

Ɗauko hoton kafasitocin da na naɗin wayar nan huɗu da ke kusa da inda sifika ke fita, in ga lambar da ke kansu. Daga nan zan gaya maka ko don om 4 aka yi matatar ko don 8.